Garma Tara a Bakin Titin Kura

Abin da zan ba da labari ya faru ne wajen tsakiyar shekarun saba'in, kuma ban rubuta komai a kansa a lokacin ba. Takardun da na ajiye na wancan zamani duk na aiki ne, ranakun shuka da ranakun ba da ruwa, babu layi ɗaya a cikinsu da ya shafi kiɗa. Saboda haka duk abin da ke nan da ka na riƙe shi, kuma shekaru sun ja. Akwai wuraren da na tabbata, akwai waɗanda zato kawai nake yi, zan yi ƙoƙari in riƙa bambanta su. Ban kira sunan kowa ba, don ban nemi izinin iyalansu ba.

Ina gama jami'a aka turo ni aikin malamin gona a ƙasar Kura, lokacin ruwan madatsar Tiga bai daɗe da fara biyo kanal ba. Aka ba ni ɗaki a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, da ɗan ƙaramin babur na zagaya gonaki. Ni haifaffen cikin birni ne. Na san alkama da tumatir a littafi, amma hannuna bai taɓa yin kanta da garma ba, kuma mutanen garin sun gane haka tun ranar farko, ko da yake ba su nuna mini ba. A lokacin ina da tsoron kuskure ƙwarai. Duk takardar da zan sa wa hannu sai na karanta ta sau uku. In manomi ya tambaye ni abu, ba na cewa i ko a'a, sai in ce za a duba. Ban yi wata biyu ba samarin garin suka fara gaishe ni da "Malam, an duba kuwa?" Nakan yi dariya tare da su, amma ban daina ba.

Maƙwabcina wani dattijo ne mai kiɗan noma. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Gangarsa babba ce, tana rataye a zaurensa, a lulluɓe da tsohon bargo. Ƙaninsa da wani surukinsa, dukansu magidanta, su ke riƙe masa da kazagi, ƙananan gangunan nan masu kaifin murya. Aikinsu shi ne gayya: mai gona ya gayyaci majiya ƙarfin gari su taru su yi masa huɗa a yini ɗaya, ya ciyar da su, makaɗa kuma su yi ta zuga su har a gama. To amma a cikin filayen noman rani an auna gonaki an yanka su daidai, tarakta ce ke yin kaftu da huɗa, ba wanda ke kiran gayya. Sai a gonakin tudu da ruwan kanal bai kai ba ake ɗan yi da damina, su ma kowace shekara raguwa suke.

Sau ɗaya na ji wannan ganga tana aikinta na asali, a daminata ta farko. Na fito da hantsi zan kai rahoton mako ofis, sai na jiyo ta daga wata gonar dawa a hanyar Bunkure. Na kashe babur na tsaya a bakin hanya. Maza ne kamar ashirin a jere, kowa a duƙe da garmarsa, Baba yana biye da su da gangar a kafaɗa. Garemanin suna sauka tare, ƙasa tana kifewa tare, gangar tana faɗuwa daidai inda suka faɗi, har na kasa gane wanda ke bin wani. In ɗaya ya fara ja baya, sai Baba ya matsa kusa da shi ya canza hannu, sai ka ga mutumin ya yi kururuwa ya zabura ya kamo 'yan'uwansa. Daga baya na ji cewa kowane manomin da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da ganga ke kiransa da shi, shi kaɗai. Ina jin minti biyar na yi a wurin, ko ƙasa da haka. Na duba agogo, na ji tsoron kada in makara, na tada babur. A raina na ce ai maƙwabcina ne, zan sake ji.

Bayan kaka, alkama ta fara tasawa, sai takarda ta zo wa dagaci cewa za a yi bikin kiɗa da wasanni da sana'o'in hannu a birnin Kano, na mako guda. Yadda aka tsara shi, in ban manta ba, kashi biyu ne. Da maraice ana yi a wani babban ɗakin taro, sai da tikiti, a nan manyan makaɗa suke, a nan kuma 'yan rediyo ke ɗaukar sauti. Da safe kuwa ana yi a wani fili kusa da ganuwa, kyauta, kowa ya zo ya kalla. A nan ƙungiyoyin ƙauyuka ke nuna abin da suka iya a gaban alƙalai, waɗanda aka zaɓa su hau dandamalin maraice.

Baba bai damu da dandamali ba, rediyon ce ta tsaya masa a rai. Ya ce mini ya ga inda abin ya nufa, 'ya'yansa babu mai son ganga, kowa tumatir yake so ya shuka, shi kuma bai ga laifinsu ba. Amma in gangar ta shiga rediyo ko sau ɗaya, to ko tarakta ta cinye gayya gaba ɗaya, an dai ji ta, kuma za a ajiye. Wannan ita ce buƙatarsa, ban taɓa jin ya faɗi wata ba.

Da takardar akwai fom da Turanci, ni kuma ni ne mai Turanci mafi kusa. Muka zauna a zauren dagaci bayan la'asar, ni da dagacin da Baba da Sarkin Noman garin, wani dogon mutum mai 'yar furfura wanda ba ya yawan magana. Fom ɗin gida uku ne da shi: kiɗa, rawa, sana'a. A ƙarƙashin kowanne an ce a rubuta yawan mutane da sunayensu.

Na ce, "Baba, ku nawa ne?"

Ya ce, "Mu goma sha biyu."

"Ganga ɗaya, kazagi biyu, uku ke nan. Sauran taran me suke kaɗawa?"

"Ƙasa," in ji shi.

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ya ce shi ba shi ne ke sa wa kiɗan gudu ba. Bayan Sarkin Noma yake kallo. In garmar Sarkin Noma ta sauka, shi ma gularsa, wato sandar kiɗansa, ta sauka a kan fata. In ya ga kafaɗarsa ta yi nauyi, ya ja kiɗan. In ya ga ya ɗau zafi, ya bi shi. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa kaɗa gangar nan ba tare da yana kallon bayan wani ba, in ban da gwajin fata bayan an ɗaure ta.

Na ji maganar, na ma gyaɗa kai, amma ba zan ce na fahimce ta ba. Abin da ke gabana shi ne fom, kuma fom ba shi da gidan manoma. Dagaci ya ce in rubuta su 'yan rawa mana. Sarkin Noma ya ɗago ya ce, "Ni ne ɗan rawa, ranka ya daɗe?" Aka sake dariya. Sannan ya ce in rubuta duk abin da na ga dama, in dai za su hau mota.

Kwana biyu fom ɗin ya yi a aljihuna. Abin da ya dame ni shi ne, ba 'yan rawa ba ne, kuma takardar hukuma ce, da sa hannuna a ƙasa. Na yi ta tunanin ranar da za a kira ni a ce na rubuta abin da ba haka ba. Na je Kura na sami akawun kwamitin bikin, na tambaye shi. Ya ce masu wasa kaɗai ake so, duk wanda ya cika musu mota da 'yan kallo shi zai amsa. Na ce to in mutum noma zai yi fa? Ya dube ni ya ce, "Noma a filin biki, Malam?" Ban ga laifinsa ba, ni ma a lokacin da na faɗa sai na ji abin wani iri.

Sai na rubuta mutum uku a gidan kiɗa. A bayan takardar na yi dogon bayani da Turanci mai kyau, cewa akwai wasu mutum tara da kiɗan ke buƙata, ina roƙon a duba. Ina kyautata zaton babu wanda ya taɓa juya takardar nan. Da Baba ya tambaye ni, na ce masa na rubuta bayani, za a duba. Shi kuma ya ɗauka an gama. Na ga ya ɗauka haka, kuma ban gyara masa ba. Wannan na tabbata da shi.

Ranar tafiya muka fito bakin babban titi bayan sallar asuba, da sauran sanyi. Mutum taran nan sun riga mu isowa. Sun wanke garemaninsu, an kai su maƙera an gyara bakinsu, ƙotocin sun sha mai. Sarkin Noma ya sa warkinsa na fata a ƙarƙashin riga, wanda ba ya sawa sai ranar babbar gayya. Matansu sun ɗaura musu dambu da fura. Wasu a cikinsu, na ji daga baya, sun roƙi maƙwabta su kama musu ban-ruwan gonakinsu na ranar.

Motar ta zo, babbar mota ce mai bodin katako. A ciki akwai wasu Fulani masu sarewa daga wajen Garun Mallam, da marinan Kura da ɗaurin baƙin yadinsu mai sheƙi, da wasu da ban tuna ba. Akawun ya sauko da takarda ya karanta sunaye uku. Baba ya ce saura tara. Akawun ya ce uku aka ba shi. Duk suka juyo suka dube ni.

Na ce akwai bayani a bayan fom. Ya ce shi ba fom ne a hannunsa ba, jerin sunaye ne da aka kwafo. A ganina akwai wurin mutum huɗu ko biyar a motar, wataƙila ma duka taran in an matsa. Da na dage, da na ce ni na ɗauki nauyin abin da zai biyo baya, mai yiwuwa da ya bari. Ban sani ba, don ban gwada ba. Wani ya ce to su bi motar haya mana. Akawun ya ce ko sun je, an kewaye filin da igiya, wanda sunansa ke takarda kaɗai ke shiga ciki. Sarkin Noma ya ce shi ba zai je birni ya tsaya bayan igiya yana kallon gangarsa ba.

Baba ya fara sauke gangar daga kafaɗa, alamar ya fasa. Sarkin Noma ya riƙe masa hannu.

"Hau ka tafi, Yaya. Ka kaɗa takena, ina ji daga nan."

Na bi motar a kan babur, don na ɗauki hutun yini ɗaya. Da muka ɗan yi nisa na waiwaya. Suna nan tsaye a bakin titi, kowa da garma a kafaɗa, ba su juya ba tukuna.

Mun isa filin rana ta ɗan fito. Ban taɓa zuwa wasan maraicen ba ko sau ɗaya, don haka ba zan iya kwatanta su ba, amma safiyar nan ita ce abin da nake gani in an ambaci bikin. Babu kujeru sai na alƙalai a ƙarƙashin wata rumfar zana. Masu kallo mutanen da ba za su sayi tikiti ba ne: 'yan dako kafin kasuwa ta buɗe, masu gadi da suka tashi daga aiki, tsofaffin mata da jikoki a baya, 'yan ci-rani da ba su sami aikin ranar ba. Masu ƙosai da koko sun jera ta gefen ganuwa. A ɗaya gefen an yi rumfunan sana'a, masaƙa, dukawa, masu tukwane, da maƙera da suka baje lauje da fartanya da garma a kan tabarma. Makaɗa suna zaune ƙungiya-ƙungiya, wasu suna gasa fatar ganga a bakin wuta, mai garaya yana gyara tsirkiya, masu sarewa suna gwada murya a hankali. Ko'ina ka juya wani ɗan sauti ne ke tashi ya koma. Ba a fara ba tukuna, amma ni wannan lokacin na fi so, kuma shi na fi kewa. Mutum yana iya tsugunawa kusa da makaɗi ya tambaye shi daga ina, ya ba shi goro.

An ɗauki 'yan garuwa suna yayyafa wa tsakiyar filin ruwa don ƙasar ta kwanta wa masu rawa. Ƙasar jigawa ce mai laushi, ta sha ruwa sosai. Na lura da wannan ne kawai saboda aikina.

Kowace ƙungiya minti goma ake ba ta. Masu sarewa suka yi, aka ji daɗinsu. Wasu 'yan tauri suka yi, taro ya yi ta sowa. Ina jin mu ne na biyar ko na shida. Aka kira garinmu ta lasifika, Baba da mutum biyunsa suka tsallaka igiya suka tsaya a tsakiyar fili, filin ya yi musu yawa.

Ya fara. Ba zan ce ya yi kuskure ba, hannunsa hannunsa ne. Amma ba abin da na ji a hanyar Bunkure ba ne. Sai ya ɗauki gudu, ya ji babu abin da ya tare shi, ya sassauta, masu kazagi su wuce shi, su dawo su jira. Idonsa yana ta yawo a ƙasa a gabansa, inda ya kamata a ce akwai bayan mutane. Ya yi taku biyu gaba kamar yadda ya saba bin layi, ya tsaya. Mutane suka fara hira. Ɗaya daga cikin alƙalan ya duba agogo. Ni ina riƙe da igiya, ina ji kamar in nutse.

Wajen minti na shida, a ƙiyasina, sai ya rufe ido. Ya canza hannu, ya shiga wani take mai nauyi, bugu uku a jere sannan ɗaya mai ja. Surukinsa ya gaya mini daga baya cewa taken Sarkin Noma ne.

Sai ga wata kururuwa daga gefen rumfunan sana'a. Ɗaya daga cikin 'yan garuwan nan ne, mutum kakkaura mai tsage a kumatu, shekarunsa za su kai arba'in. Ya ajiye garewaninsa, ya suri garma daga tabarmar maƙera, maƙerin yana kiran sa bai juya ba, ya bi ta ƙarƙashin igiya. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya duƙa a gaban Baba, ya kafta wa ƙasar nan garma.

Baba ya buɗe ido ya ga baya. Daga nan abin da ya faru ba ni da kalmomin da zan faɗe shi daidai. Gangar ta sami wurin sauka. Masu kazagi suka daina lalube. Mutumin yana huɗa yana tafiya, kunya tana tashi a bayansa, Baba yana biye da shi taku-taku. Hirar da ake yi ta tsaya. Sai wani ya sake fitowa daga cikin 'yan ci-rani ya ɗauki garma ta biyu, sannan na uku, shi fartanya ya samu. Wata tsohuwa a kusa da ni ta rangaɗa guɗa, jikan da ke bayanta ya farka yana kuka, ba ta kula ba. Na ga maza da yawa a bayan igiya kafaɗunsu suna motsi, na gane rabin taron nan manoma ne da rani ya koro birni.

Bai fi minti uku ba. Mai kula da fili ya busa usur ya rugo, yana cewa ana ɓata wurin rawa, kuma gaskiyarsa, kunya uku sun ratsa tsakiyar filin. Aka karɓe garemanin aka mayar wa maƙera. Ɗan garuwan ya ɗaga wa Baba hannu biyu, ya koma ya ɗauki garewaninsa. Na so in bi shi in tambaye shi garinsu, amma na tsaya ina tunanin ko za a ce mu muka shirya abin, ko za a nemi wanda ya sa hannu a fom. Kafin in gama tunani ya shige cikin mutane.

Da rana ta take aka karanta waɗanda aka zaɓa. Ba a kira mu ba. Ban san abin da alƙalan suka rubuta ba, kuma ba na zarginsu. Minti shida na farko su ma sun ji su kamar yadda na ji. Ba kuma zan iya rantsuwa cewa da mutum taran sun zo da an zaɓe su ba. Abin da na sani shi ne ba a ji abin da ya kamata a ji ba, kuma babu na'urar ɗaukar sauti ko ɗaya a filin safe.

Baba ya lulluɓe gangarsa da bargo. Na ce ko in saya masa tikiti ya kwana ya ga wasan maraice. Ya ce a'a, gobe ranar ruwansa ce, alkama ba ta san biki ba. Muna jiran mota ya dube ni ya ce, "Malam, takardarka ta ce mu uku ne. To ga mu ukun, ba wanda ya ɓace. Ba za a tuhume ka ba." Ya faɗa yana murmushi, ya miƙo mini ɓarin goro. Bai sake tada maganar ba har muka rabu.

Washegari da la'asar na je gidan Sarkin Noma. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran tiyon ban-ruwa. Na tsuguna na gaishe shi, na fara ba da haƙuri, ina kawo bayanin fom da gidajensa uku. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya katse ni.

"Ya kaɗa takena?"

Na ce ya kaɗa.

"Wa ya amsa?"

Na ba shi labarin ɗan garuwa da garmar maƙera. Ya ajiye tiyon. Na zaci ransa zai ɓaci, a ce wani baƙo ya amsa takensa a gaban mutanen birni.

"Kai malamin gona ne," in ji shi. "Yaya huɗarsa?"

Na fara cewa ai ƙasar ba ta gona ba ce, kuma lokacin kaɗan ne, ba za a iya yanke hukunci ba. Ya ce shi ba wannan ya tambaye ni ba. Sai na tuna kunyar nan yadda ta miƙe daga gaban rumfar alƙalai har kusa da igiya. Na ce masa ta miƙe sak, kuma ta yi tudu, babu inda ta karye.

Ya ce, "To madalla. Bai kunyata taken ba." Ya ɗauki tiyonsa ya ci gaba da aiki.

Na yi wa Baba alkawari cewa in an sake yin bikin zan rubuta mutum goma sha biyu, ko a wane gida ne. Shi kuma ya ce in bari damina ta zo, akwai gayyar da za a yi a tudun Bunkure, in zo in zauna tun safe har a tashi, in bar agogo a gida. Kafin ruwan farko aka tura ni kwas, daga can aka yi mini canjin wurin aiki. Na yi ta cewa zan koma. Da na koma, bayan shekaru masu yawa, Baba ya rasu, Sarkin Noma ma haka. Surukin nan mai kazagi shi ya karɓe ni, ya tsufa ƙwarai. Ya ce an yi gayyar tudun Bunkure, kuma yana jin ita ce ta ƙarshe da suka kaɗa. Ya ce Baba ya sa an shimfiɗa mini tabarma a gindin wata ɗorawa, ko zan zo. Gangar tana nan a zaure, fatar ta tsage, ba a sake ɗaure ta ba.

In na haɗa abin da na ji a hanyar Bunkure da na filin ganuwa, duk jin da na yi wa gangar nan tana aiki bai kai minti goma ba. Har yanzu nakan buga taken nan da yatsa a kan tebur, uku a jere sannan ɗaya mai ja, amma ban tabbata haka yake ba. Mai yiwuwa na haɗa shi da wani kiɗan da na ji daga baya. Surukin da zan tambaya kunnensa ya riga ya yi nauyi lokacin da na je.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya halarci safiyar nan, ko ya ji labarinta daga iyayensa, ya rubuto ta hannun waɗanda suka buga wannan ya gyara mini. Wataƙila ba tara ba ne, wataƙila masu garma a filin sun fi uku, wataƙila filin ba inda nake zato yake ba. In akwai wanda mahaifinsa ya yi garuwa a birni a shekarun nan, ya taɓa ba shi labarin ranar da ya yi huɗa a filin biki, ina so in san garinsu. In kuma akwai wanda ya riƙe taken Sarkin Noman wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kada ya wahalar da kansa da rubutu. Ya faɗi inda yake kawai, ni zan zo in ji.